Da ɗan gari akan ci gari: yadda ƙwayar HPV ke juya wani ma'aikacin jikinmu

Tambayar da iyaye suka fi yi mini idan ana maganar allurar riga-kafin sankarar bakin mahaifa ita ce: yaya za a yi ƙwayar cuta, wato HPV, ta haifar da sankara? Mun saba ƙwayar cuta ta kawo zazzaɓi ko tari ko ƙuraje, a yi jinya a tashi. Sankara kuwa naman jikin mutum ne da kansa yake tsiro ba ƙaƙƙautawa. To ina haɗin? Tambaya ce mai kyau, kuma ina ganin mu ma'aikatan lafiya muna da laifi da muke tsallake ta da cewa "ku dai ku kawo yaran". Wanda aka ce ya miƙo hannun 'yarsa a yi mata allura ya cancanci a zaunar da shi a yi masa bayani.

Bayanin yana farawa ne daga shara. Kowace ƙwayar halitta ta jikinmu cike take da furotin iri-iri, kuma babu wanda yake dawwama. Wani ya lalace, wani ya gama aikinsa, wani kuma idan ya daɗe sai ya zama fitina. Domin kada a zubar da mai amfani, jiki yana liƙa wa duk wanda za a kawar wata shaida, wani ɗan ƙaramin furotin mai amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 76 da ake kira ubikwitin. Idan aka jera masa wannan shaida kamar guda huɗu ko fiye, sai wata na'ura mai siffar ganga, wato furotiyasom, ta ja shi ciki ta daddatsa. Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose ne suka gano wannan tsari, aka ba su kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2004.

Ma'aikata uku ne ke liƙa shaidar. E1 yana ɗauko ta, ya miƙa wa E2, sai E3 ya nuna wanda za a liƙa wa. Na farkon iri biyu ne kacal a jikin ɗan Adam, na biyun 'yan gomomi, amma E3 sun haura 600. Dalilin yawansu a fili yake: su ne masu zaɓe, kowanne da waɗanda ya sani. Su ake kira ligas na ubikwitin, kuma ɗaya daga cikinsu ne jigon maganarmu, mai suna E6AP.

E6AP babban furotin ne, amino asid ɗinsa sun haura 850. A ƙarshensa akwai wani sashe mai kimanin amino asid 350 da ake kira HECT, a nan ake aikin liƙawa. A 1999 aka fitar da hoton siffar wannan sashe, aka ga ɓangare biyu ne da wata gaɓa mai lanƙwasa a tsakani, kamar hannun da aka naɗe a gwiwa. Babban ɓangaren yana riƙe E2, ƙaramin kuma yana da wani amino asid mai suna sistin wanda ke karɓar ubikwitin ya riƙe na ɗan lokaci. Sai gaɓar ta juya, a ɗora shaidar a kan wanda aka kamo. A nan ya bambanta da mafi yawan 'yan'uwansa, waɗanda su dillalai ne kawai: su haɗa E2 da abin da za a liƙa wa, kaya ba ya taɓa shiga hannunsu. Shi E6AP sai ya karɓa da hannunsa tukuna.

Akwai kuma wani furotin da ya kamata kowa ya san sunansa, p53. Shi ne mai gadi. Idan bayanan gado na ƙwayar halitta suka sami matsala, p53 yana tsayar da ita daga rabuwa har a gyara, in gyaran ya gagara ya umarce ta ta mutu. Muhimmancinsa ya kai a kusan rabin sankarorin da ke kama mutane, za a tarar p53 ya lalace. Abin lura shi ne, a jiki mai lafiya E6AP ba ruwansa da p53. Ba ya cikin waɗanda ya sani. Wani ligas ne daban, MDM2, yake kula da yawansa.

Yanzu ga ƙwayar HPV ta shigo. Tana bin saduwa da haɗuwar fata, kuma ta yaɗu sosai har yawancin manya, maza da mata, sun taɓa ɗaukarta ba su sani ba. Don haka ba abin nuna wa wata yatsa ba ne. Kimanin kashi 90 cikin ɗari garkuwar jiki tana share ta cikin shekara biyu. Irinta sun haura 200, amma goma sha wani abu ne masu haɗarin sankara, kuma biyu daga ciki, na 16 da na 18, su ke jawo kimanin kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. Bajamushen nan Harald zur Hausen ne ya tabbatar da wannan alaƙa a farkon shekarun 1980, ya sami Nobel a 2008.

Ƙwayar ba ta iya hayayyafa sai ta sa ƙwayoyin halittar bakin mahaifa sun ci gaba da rabuwa, mai gadi kuwa ba zai yarda ba. Ba ta da ƙarfin kashe shi da kanta. Sai ta ƙera wani ɗan furotin mai suna E6, amino asid kimanin 150, wanda ke da wani lungu da ya dace daidai da wani ɗan gajeren murɗaɗɗen sashe na jikin E6AP. Da zarar sun manne, siffar E6 takan daidaita ta yadda zai iya cafko p53, abin da ba ya iyawa shi kaɗai. Shi kuma E6AP, bawan Allah, aikinsa kawai yake yi: an kawo masa abu, ya liƙa shaida, na'ura ta niƙe. Mai kwashe sharar gida ya kwashi mai gadi ya kai bola. Ɗakin binciken Peter Howley a Amurka ne ya bankaɗo wannan tsakanin 1990 da 1993, kuma daga nan E6AP ya samo sunansa, wato abokin hulɗar E6. Sai a 2016 masu bincike a Faransa suka fitar da hoton ukun a manne da juna. Ƙwayar tana da wani furotin kuma, E7, da ke karya wani birkin daban, amma wannan labari ne na wata rana.

Ko an kawar da mai gadi, sankara ba ta fitowa a dare ɗaya. Kurakurai ne ke taruwa a hankali ba mai tsawatarwa, shekara 15 zuwa 20 ga mace mai ƙarfin garkuwa, 5 zuwa 10 ga wadda garkuwarta ta yi rauni. Shi ya sa mata masu ɗauke da HIV haɗarinsu ya ninka na sauran har sau shida.

Mai hankali zai ce, to a samo maganin da zai daƙile E6AP mana. Masana sun daɗe da wannan tunani, kuma suna da hujja mai ƙarfi. A wannan sankara, mafi yawan lokaci p53 bai lalace ba, zubar da shi ake yi. A ɗakin gwaji, idan aka hana ƙwayoyin sankarar ƙera E6 ko E6AP, p53 yana dawowa, su daina girma ko su mutu. Matsalar ita ce E6AP yana da aikinsa na halal, musamman a ƙwaƙwalwa. Ƙwayar gadonsa, UBE3A, tana kan kuromosom (ƙunshin bayanan gado) na 15, kuma a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wadda aka gado daga uwa ce kaɗai ke aiki. Yaron da ya rasa ta yana samun lalurar Angelman, wadda wani likitan yara ɗan Ingila, Harry Angelman, ya bayyana a 1965: jinkirin girma, rashin magana, farfaɗiya, da tangaɗi wajen tafiya. In kuma ta yi yawa, ana danganta hakan da lalurar otizim. Ba a son ya yi kaɗan, ba a son ya yi yawa. Saboda haka masu bincike da dama suka karkata ga toshe lungun nan na E6 inda yake kama E6AP, a raba abokan ba tare da an taɓa ɗan gida ba. Aiki ne mai wuya, domin lungun a shimfiɗe yake, ƙananan sinadarai ba sa samun wurin maƙalewa sosai. Duk wanda ya tallata muku wani haɗi da sunan yana wanke HPV daga mahaifa, ku riƙe kuɗinku.

Abin da ke hannunmu shi ne tare ƙofa tun E6 bai shigo ba. Allurar riga-kafin, wadda aka fara amfani da ita a 2006, an yi ta ne da ɓawon ƙwayar kaɗai, babu bayanan gadonta a ciki, don haka ba ta iya sa cutar. Ba ta kuma korar ƙwayar da ta riga ta zauna, kuma wannan ne dalilin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi mayar da hankali ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Ba zargin tarbiyyar kowa ake yi ba, so ake garkuwa ta riga ƙwayar isowa. Tun 2022 hukumar ta amince cewa allura ɗaya ma tana wadatarwa a wannan shekaru. Maganar cewa tana hana haihuwa kuwa, an bibiyi miliyoyin da aka yi wa, ba a ga haka ba.

Ku kuma iyayenmu da yayyenmu mata da kuka wuce wannan shekaru, shekarun nan goma sha da ƙwayar ke ɗauka tana aikinta a ɓoye su ne damarku. A 2022 mata kimanin 660,000 ne suka kamu da wannan sankara a duniya, kimanin 350,000 suka rasu, alhali ana iya ganin canjin tun bai zama sankara ba a kawar da shi cikin 'yan mintuna. Ana son a fara gwajin HPV daga shekara 30, a riƙa maimaitawa duk shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da HIV ta fara daga 25, duk shekara 3 zuwa 5. Wadda aka yi wa allura ma za ta yi gwajin idan lokacinta ya yi, domin allurar ba ta rufe dukkan ire-iren ƙwayar ba. Wadda kuma take ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ko wani ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, kada ta jira ranar gwaji, ta je asibiti a duba ta a wannan makon.