Biza Ta Ƙare Shekara da Shekaru a Saudiyya: Yadda Dangi Za Su Taimaka a Dawo Gida

Daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram, da wuya a sami unguwar da ba ta da wanda ya tafi Umara ya zarce. Da yawa daga cikinsu suna son dawowa, amma tsoron kamu da rashin sanin hanya sun hana su motsi. Ga tambayoyin da dangi suka fi yi.

Daga ina za mu fara?

A fara da tantance yadda ya shiga ƙasar, domin kowane hali da ƙofarsa. Akwai wanda ya shiga da bizar Umara, Hajji ko ziyara, wa'adi ya cika bai fita ba. Akwai mai igama (takardar izinin zama) da ta mutu, ko wanda kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya kai ƙararsa cewa ya gudu daga aiki, abin da ake kira hurub. Akwai kuma wanda ya shiga ta ɓarauniyar hanya, ko aka haife shi can babu takarda.

Na farko da na biyu suna da basma, wato zanen yatsu, a kwamfutar Jawazat, hukumar fasfo ta Saudiyya. Suna kuma da lambar iyaka mai alƙaluma 10 da ake ba duk wanda ya shiga bisa ƙa'ida. A nemo wannan lamba ko ta igama, domin da ita ake gano fayil ɗin mutum.

Wane hukunci ne ke jiransa?

Ma'aikatar cikin gida ta Saudiyya ta sanar cewa wanda ya wuce wa'adin bizarsa na iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, ɗaurin da ya kai wata 6, sannan kora. Wannan ita ce ƙololuwar hukuncin, ba kowa ake yi wa ita ba. Wanda ya ɓoye shi ko ya ba shi aiki ma bai tsira ba: tararsa na iya kai riyal 100,000. Shi ya sa masu masauki ke juya wa mutum baya da zarar samame ya yi zafi.

Fasfon Yaya ya ɓace tuntuni. Yaya za a yi?

Nan ne aikin dangi ya fi yawa. Ofishin jakadancin Najeriya a Riyad da ƙaramin ofishinta a Jidda suna ba da takardar tafiya ta gaggawa, wadda aka fi sani da ETC. Nijar ma tana da ofisoshi a biranen biyu. Takardar ta tafiya ɗaya ce zuwa gida, wa'adinta gajere ne, saboda haka kada a karɓe ta a ajiye.

Kafin a ba shi sai an tabbatar ɗan ƙasa ne. Ku tura masa hoton shafin tsohon fasfo, lambar NIN idan yana da ita, takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Idan babu ko ɗaya, jami'ai kan yi masa tambayoyi kan garinsu da danginsa. Ya faɗi gaskiya. Abin da ya fi ɓata wannan mataki shi ne saɓanin suna: mutum ya shiga da fasfon da ejan ya yi masa da wani suna ko wata ranar haihuwa, yanzu kuma ya kawo na ainihi. Basma ba ta mantuwa, sunan da aka shiga da shi za ta fito da shi. Ya bayyana wannan tun a zaman farko, kada ya bari sai an gano.

Idan ya sami takardar, sai ya sayi tikiti kawai?

A'a. Takardar ofishin jakadanci shaidar ɗan ƙasa ce, izinin fita kuwa na Jawazat ne. Wanda ya je filin jirgi babu wannan izini za a mayar da shi, tikiti ya ƙone. Kada a sayi tikiti sai izini ya fito.

Mai igama da ke shiri da kafilinsa na iya samun izinin fita ta ƙarshe ta manhajar gwamnati ta Absher bayan an biya kuɗaɗen da suka taru. Wanda ya daɗe da bizar Umara ko mai hurub galibi ta sashen tarhil, wato sashen mayar da baƙi ƙasashensu, yake bi. A yankin Makka da Jidda cibiyar ita ce Shumaisi, inda ake ɗaukar basma, a bincika ko akwai ƙara a kansa, sannan a jira jirgi. Zaman na iya ɗaukar makonni ko watanni, kuma rashin takardar tafiya ne ya fi tsawaita shi. Don haka muke ba da shawarar a fara da ofishin jakadanci kafin a shiga tarhil. Mai ciwon suga ko hawan jini ya tanadi magani da takardar likita.

Ba gara ya jira afuwa ba?

An yi afuwa a 2013, an sake yi a Maris 2017, inda aka ba da kwana 90 daga baya aka ƙara. Waɗanda suka fita da kansu a ta 2017 an yafe musu tara, ba a kuma rubuta su a matsayin korarru ba. Amma afuwa ba ta da ranar zuwa. Tsoho ko mara lafiya bai kamata ya jingina da ita ba. Ya haɗa takardunsa yanzu, idan ta zo ya shiga sahun farko.

Wani ya ce zai goge masa basma idan an biya shi.

Ƙarya ce, babu dillalin da ke da wannan iko. Haka ma masu cewa za su fitar da shi ta Yaman ko ta teku zuwa Sudan: ƙasashen biyu suna cikin yaƙi, kuma hukuncin masu safarar mutane ta iyaka a Saudiyya ya kai ɗaurin shekara 15. Duk kuɗin da za a biya a biya shi a hukumance, a karɓi rasit.

Yaran da aka haifa a can fa?

Kowane yaro sai da tasa takardar tafiyar. A kai takardar haihuwa ta asibiti, katin rigakafi, takardar aure, duk abin da ke haɗa yaro da uwarsa. Kada uwa ta miƙa kanta ta bar yara a hannun maƙwabta da niyyar a turo su daga baya, domin tabbatar da su bayan ta tafi ya ninka wahala. A buɗe fayil ɗinsu tare.

Me kuma zai iya tsayar da tafiyar?

Ƙarar bashi ko shari'a a kotu na jawo hanin fita har sai an warware. Tarar hanya da motar da ke da rajista da sunansa ma sukan tsayar da mai igama. Ya karɓi bashin da yake bi, ya turo kuɗi da manyan kaya tun kafin ya shiga tarhil, don daga can ba a komawa gida ɗauko kaya.

Bayan ya sauka?

Wanda aka kora yana da hanin komawa, tsawonsa ya danganta da laifin da aka rubuta masa, kuma sabon fasfo ba ya ɗage shi. A Najeriya hukumar agajin gaggawa ta NEMA kan tarbi waɗanda aka kwaso rukuni-rukuni, hukumar NiDCOM na karɓar koken 'yan ƙasa da ke waje, matar da aka yaudara da sunan aikatau kuma za ta iya kai ƙarar ejan ɗinta ga NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane. Dangi su tanadi mai tarba a filin jirgi, kuɗin mota, ɗakin sauka, da ganin likita a makon farko.