Lambobin gaban sinadarai mol suke ƙirgawa, ba giram ba

Da zarar jarrabawar WASSCE ta kammala sakandare ta matso, ɗaliban kemistiri na Aboabo da Asawase a Kumasi sukan cika darasin yamma da waɗannan tambayoyi.

Malam, shi mol ɗin nan mene ne tukuna?

Ƙidaya ce, kamar dozin. Dozin 12 ne, mol kuwa ƙwayoyi 6.022 × 10²³ ne, lambar da aka laƙaba wa sunan Avogadro, masani ɗan Italiya. Dozin ƙwai da dozin kankana yawansu ɗaya, amma nauyi kowa da nasa. Haka mol ɗaya na kabon giram 12 ne, na iskar oksijin, O₂, giram 32.

To, daga ina zan samo rabon mol?

Yana gabanka, muddin ka daidaita ikweshan. Ɗauki furofen, ɗaya daga cikin iskokin da ke tukunyar gas ɗin girki:

C₃H₈ + 5O₂ → 3CO₂ + 4H₂O

Manyan lambobin nan na gaba su ne rabon, 1:5:3:4. Inda babu lamba, ɗaya ake nufi. A ce an ba ka giram 22 na furofen. Mol ɗinsa ɗaya giram 44 ne, wato 36 na kabon da 8 na haidurojin, saboda haka mol 0.5 ke hannunka. Ninka shi sau 5, ka samu mol 2.5 na oksijin, giram 80 ke nan. CO₂ kuwa, wato iskar kabon dayoksaid, mol 1.5 zai fito. In sun nemi girman iskar a s.t.p., wato ma'aunin zafi da matsin iska da aka tsayar, inda mol ɗaya na iska ke cika dm³ (lita) 22.4, ninka da 22.4, ka samu dm³ 33.6.

Me zai hana in ninka giram 22 ɗin sau 5 in huta?

A nan maki ke zubewa. Za ka samu 110, amsar kuwa 80 ce. Mai da giram mol, yi aiki da rabon, sannan ka koma giram. Hanyar ratse babu ita.

Zan iya taɓa ƙananan lambobin ƙasa don in daidaita?

Kul! H₂O ruwan sha ne, H₂O₂ kuwa wanda ake wanke ciwo da shi ne.

Yaya giram 12 na gawayi zai ba da giram 44 na CO₂? Ai kamar ƙari aka yi.

Babu ƙari. Giram 32 ɗin daga iska suka shigo, tunda C + O₂ → CO₂. Lavoisier ɗan Faransa ya fayyace wannan doka a 1789: nauyin abin da ya shiga shi ne nauyin abin da ya fita. Gawayin kasuwa dai ba zallan kabon ba ne, tokar da ke saura a murhu ita ce shaida.

Idan oksijin ɗin bai isa ba fa?

Sai rabon ya canza: 2C + O₂ → 2CO. Yanzu mol biyu na kabon ke raba mol ɗaya na oksijin, abin da ke fitowa kuma guba ce marar wari, marar launi. Shi ya sa ko sanyin hunturu ya kai yaya, ba a shiga ɗaki da murhun gawayi a rufe ƙofa da taga.