Kafin a ce wa mai makoki ya yafe: abin da wasan rediyo yake iya yi a ƙauye

A babban birni, mutumin da ya ɓata maka rai kana iya shekara ba ku haɗu ba. A ƙauye babu wannan sauƙin. Rijiya ɗaya ake ɗiban ruwa, hanyar gona ɗaya ce, 'ya'yanku aji ɗaya suke, sau da yawa ma akwai auratayya tsakaninku. Saboda haka idan aka yi rasuwar da ake ɗora wa wani alhakinta, ko ta hatsarin mota ce, ko rigimar iyakar gona da ta kai ga duka, ko sakacin da aka yi wajen kai mai naƙuda asibiti, ciwon ba ya tsayawa a gida ɗaya. Garin kan rabu biyu ba tare da kowa ya furta ba. Manya kuma, don gudun kada abin ya yaɗu, sukan yi hanzarin tara ɓangarorin a ce a yafi juna, a yi musabaha, a tashi.

Mu ma'aikatan lafiya mu ne muke ganin ragowar. Bayan watanni uwar mamacin za ta zo ɗakin shan magani da ciwon kan da ba ya jin magani, da rashin barci, da faɗuwar gaba, ta rame. A auna ta, a rasa zazzaɓi. Idan ka tambaye ta zancen rasuwar sai ta ce ai an gama wannan magana, ta yafe. Bakinta ya yafe kam, tunda an sa ta a gaban jama'a. Abin da ta rasa shi ne wurin da za ta faɗi cewa har yanzu tana jin zafi ba tare da an ce mata mai riƙo ba.

Wasan kwaikwayon rediyo mai dogon zango yana cikin 'yan abubuwan da suke iya buɗe wannan ƙofa, kuma tarihinsa ya nuna haka tun da daɗewa. A watan Janairun 1951 gidan rediyon BBC ya fara watsa wani wasa mai suna The Archers a duk faɗin Birtaniya, labarin wani ƙirƙirarren ƙauye da ake kira Ambridge. An tsara shi ne da haɗin kan ma'aikatar gona don a cusa wa manoma sababbin dabarun noma, a lokacin da ƙasar ke fama da ƙarancin abinci bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1955 marubutan suka kashe wata amarya a cikin labarin, gobara ta ritsa da ita tana ƙoƙarin ceto doki. Masu sauraro suka yi ta bugo waya har layukan BBC suka cushe, wasu na kuka, wasu na faɗa. Matar da ba ta taɓa wanzuwa ba aka yi wa wannan makoki. Wasan yana nan ana yi har yau. Daga baya, a shekarun 1970, Miguel Sabido, wani mai shirya wasannin talabijin a ƙasar Meziko, ya mai da abin ya zama tsari: a ƙirƙiri mutumin kirki, da mugu, da na tsakiya mai tangal-tangal wanda mai sauraro zai ga kansa a cikinsa. Tanzaniya ta yi amfani da wannan tsari a wasan Twende na Wakati tun 1993 a kan cutar ƙanjamau da tazarar haihuwa.

Amma inda aka gwada abin a kan ƙiyayya da zubar da jini shi ne Ruwanda. A 1994 an kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana 100, yawancinsu 'yan Tutsi, kuma rediyo na cikin makaman da aka yi amfani da su: tashar RTLM tana kiran sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya, har kotun musamman ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha a Tanzaniya ta hukunta wasu daga cikin jagororin tashar a 2003. Shekara goma bayan kisan, a 2004, wata ƙungiya mai suna Radio La Benevolencija ta fara watsa wasan Musekeweya, da shawarar masana halayyar ɗan Adam biyu, Ervin Staub da Laurie Pearlman. Labarin ƙauyuka biyu ne maƙwabta, Bumanzi da Muhumuro, ɗaya ƙasarsa na albarka ɗaya na fama da yunwa, ga tsohuwar rigimar fili, ga masu zuga don son shugabanci, ga saurayi da budurwa daga ɓangarorin biyu suna son juna. Marubutan sun ƙi ambaton Hutu ko Tutsi, ƙabilun biyu da rikicin ya shafa, a cikin wasan. Ba a buƙata. Kowa ya gane.

Wata mai bincike, Elizabeth Levy Paluck, ta bi ƙungiyoyin masu sauraro a sassan ƙasar har shekara guda. Wasu aka ba su wannan wasa, wasu aka ba su wani wasan daban na kiwon lafiya don a kwatanta. Sakamakon da ta wallafa a 2009 ya ba mutane da yawa mamaki. Wasan bai sauya abin da mutane suka yi imani da shi game da musabbabin rikici ba. Abin da ya sauya shi ne ganinsu game da abin da jama'a ke ɗauka daidai ne: sun fi yarda cewa mutum ya yi magana a kan abin da ya same shi, sun fi yarda a saɓa wa ra'ayin taro a fili, sun fi sassauci a kan auratayya. Da aka gama binciken an bar wa kowace ƙungiya rediyo da kaset-kaset, aka zuba ido a ga yadda za su raba amfani da su. Waɗanda suka saurari Musekeweya sun fi tsayawa su yi muhawara su fitar da tsari da kansu, maimakon su miƙa wa mai iko ya yanke.

A ganina wannan shi ne ainihin amfanin wasan ga mai makoki. Ba ya cire masa baƙin ciki, ba ya kuma sa shi ya so wanda ya cuce shi. Yana dai sauya abin da maƙwabta za su iya jurewa su ji daga bakinsa.

Akwai gargaɗi kuma, daga wannan mai binciken dai. A gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango an haɗa irin wannan wasa da shirin tattaunawa da ke ƙarfafa masu sauraro su zauna su yi muhawara a kai. Abin da ta wallafa a 2010 ya nuna cewa waɗanda aka tura su tattauna sun yi maganar sosai, amma sun fito da ƙarin ƙiyayya, kuma sun fi ƙin taimaka wa ɓangaren da ba sa so. Tara mutane masu ciwo iri ɗaya a ce su yi magana, ba tare da mai jan ragama ba, yana iya zama zuga. Duk mai shirin kafa ƙungiyar sauraro ya riƙe wannan.

To me ya kamata wasa mai kyau ya nuna? A ɗauka an rubuta labarin wani matashi da ya buge yaron maƙwabcinsa da tarakta da magariba, yaron ya rasu. Marubuci mai gaggawa zai kawo dattijo a kashi na uku ya yi nasiha, uban yaron ya rungume direban, a saka kiɗa. Wannan ƙarya ce, kuma mai cutarwa, domin duk uban da ke sauraro wanda bai kai nan ba zai ɗauka shi ne mai taurin zuciya. Marubucin da ya san aikinsa zai bar uban ya yi wata biyu yana sauya hanya don kada ya wuce ƙofar gidan direban. Zai bar uwar ta yi dariya a wani biki sannan ta koma gida ta tsani kanta don ta yi dariyar. Zai nuna mata da mijin suna faɗa, domin ita tana son a riƙa ambaton yaron, shi kuma ba ya iya jin sunan. Zai kuma shiga gidan direban, inda shi ma ba ya barci, ƙannensa kuma an daina wasa da su. Rediyo na da lokacin yin haka, tunda labari na iya ɗaukar shekara, kamar yadda makokin gaske yake ɗauka.

Mutane da yawa sun ji cewa baƙin ciki na da matakai biyar, daga musu zuwa fushi har zuwa karɓa. Wata likitar ƙwaƙwalwa, Elisabeth Kübler-Ross, ce ta kawo wannan a 1969, kuma a kan majinyatan da ke fuskantar mutuwarsu ta yi maganar, daga baya aka ɗora shi a kan masu makoki. Abin da muke gani a zahiri ya fi kusa da bayanin masana halayyar ɗan Adam Margaret Stroebe da Henk Schut na 1999: mai makoki yana kai da komo ne, yau yana cikin kewa, gobe yana shuka da biyan bashi, jibi kewar ta dawo sabuwa. Wannan kai da komon lafiya ne. Kada a ce wa wanda ya yi kuka bayan wata takwas ya koma baya.

Sai batun yafiya kanta, wadda ake cakuɗa ta da abubuwa biyu da ba ita ba. Yafiya a zuciyar mutum ɗaya take faruwa: ya ajiye niyyar ramuwa, daga baya, watakila da daɗewa, zafin ya ragu. Sulhu kuwa sai da mutum biyu, kuma yana buƙatar wanda ya yi laifi ya amsa laifinsa, a kuma sami amincin cewa ba zai sake ba. Hukunci da biyan haƙƙi abu ne na uku. Mutum na iya yafewa kuma ya nemi a bi masa haƙƙinsa a kotu. Mace na iya yafe wa wanda ya doke ta ba tare da ta koma zama kusa da shi ba, kuma duk wasan da ya nuna komawa hannun mai duka a matsayin cikar yafiya yana jefa rayuka cikin haɗari. Everett Worthington, masani a Amurka da ya shafe shekaru yana binciken yafiya, an kashe mahaifiyarsa a gidanta a farkon 1996. Ya bayyana cewa ya iya yafe wa makashin. Ɗan'uwansa da ya tarar da gawar bai taɓa farfaɗowa ba, bayan wasu shekaru ya kashe kansa. Uwa ɗaya, rasuwa ɗaya, kuma ilimin yafiya na cikin gidan.

Shi ya sa muke roƙon a sa ido a kan jiki da hankalin mai makoki, ko ya ce ya yafe ko bai ce ba. Wani bincike da aka yi a Amurka a kan majinyata kusan 2,000 da suka sami bugun zuciya, wanda aka wallafa a 2012, ya gano cewa haɗarin bugun yana ninkuwa kusan sau 21 a kwanan farko bayan rasuwar makusanci, sannan ya riƙa raguwa a makonnin da ke biye. Ga mai ƙoshin lafiya haɗarin ƙarami ne duk da haka, amma ga mai hawan jini ko ciwon sukari ko tsohon ciwon zuciya abin dubawa ne. A cikin hidimar makoki ne ake mantawa da shan magani. A samu mutum ɗaya a gidan da zai riƙa tuna wa mai makoki maganinsa da abincinsa. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ko gumi mai sanyi, asibiti ake kai su nan take, kada a ce ai baƙin ciki ne kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta sanya makokin da ya ƙi sassautawa a matsayin lalurar da ake yi wa magani. Alamarta ita ce bayan aƙalla wata shida, ko fiye da abin da al'ummar mutum ta saba gani, kewar mamacin na nan da ƙarfinta na ranar farko, tunaninsa ya cinye yini, mutum ya kasa komawa aiki ko kula da 'ya'yansa. Rasuwar farat ɗaya, da ta tashin hankali, da rasuwar ɗa, sun fi kai mutum ga wannan hali. Idan kuwa ya fara cewa gara ya bi mamacin, ko yana raba kayansa, ko ya koma shan ƙwaya, ba a jiran wata shida. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa tunanin. A kawar da maganin ƙwari na gona da makami daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar. Wannan ya shafi wanda ake zargi da laifin ma, domin shi ba mai zuwa yi masa jaje.

Yara kuma suna jin wasan tare da manya, suna kuma jin abin da ake faɗa bayan an kashe rediyo. Yaron da bai kai shekara biyar ba yawanci bai gane cewa mutuwa ba a dawowa daga gare ta. Idan aka ce masa yayansa ya yi tafiya zai zauna jira, idan aka ce barci yake yi zai iya tsoron kwanciya. A gaya masa gaskiya da kalmomi kaɗan, a kuma tabbatar masa ba laifinsa ba ne, don yara kan ɗora wa kansu.

Ga masu jagorantar ƙungiyar sauraro, aikin ba shi da wuya in an kiyaye 'yan abubuwa. Jagoran ya saurari kashin tun kafin taro, idan ya ga ya yi kama da abin da ya faru a garin kwanan nan, ya je ya sanar da gidan da abin ya shafa, su zaɓi zuwa ko zama. Tambayoyi su tsaya a kan mutanen cikin wasan: me ya sa uban ya sauya hanya, me direban ya kamata ya fara yi. Mutum zai faɗi abin da ke ransa da sunan uban cikin rediyo, kuma a bar shi a haka, kada wani ya ce ai da kanka kake. Idan aka fara kiran sunan mutanen gari, jagora ya mayar da zancen kan labari. Wanda ya tashi ya fita a tsakiyar shiri kada a bi shi da kallo ko a kira shi ya dawo; washegari jagoran, ko wani da ya yarda da shi, ya leƙa gidansa shi kaɗai.