Dokokin hana amfani da wayar hannu yayin tuƙi

Dokokin hana amfani da wayar hannu yayin tuƙi su ne ƙa'idojin da gwamnatoci suka kafa domin hana direba kira, amsa kira, rubuta saƙo ko latse-latsen waya alhali yana kan sitiyari. Sun yaɗu ne daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da salula ta bar hannun attajirai ta shiga aljihun kowa, kuma a yau mafi yawan ƙasashe suna da irinsu a rubuce. Sai dai akasarinsu hannun direba suke sa wa ido, wato ko yana riƙe da waya ko ba ya riƙe, alhali masu bincike sun daɗe suna nuna cewa babban ɓangaren haɗarin a hankalinsa yake. Wannan saɓani ne ya sa har yanzu ake ta yi wa dokokin kwaskwarima.

Yadda waya ke shagaltar da direba

Masana harkar kiyaye haɗurra sun kasa shagalar direba gida uku. Akwai ta ido, idan ya kawar da kallonsa daga titi. Akwai ta hannu, idan ya saki sitiyari. Akwai kuma ta zuciya, inda idonsa ke kan hanya, hannuwansa biyu na kan sitiyari, amma tunaninsa ya tafi wani wurin. Cin abinci, gyara rediyo, waiwayen yara a kujerar baya, duk suna cikin shagala. Abin da ya sa aka fi tsoron rubuta saƙo ko karanta shi shi ne yana haɗa ukun a lokaci guda.

Lissafin ba wuya gare shi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya na daƙiƙa 5 don karanta saƙo ya yi tafiyar kusan mita 140 ba tare da ya ga abin da ke gabansa ba, wato fiye da tsawon filin ƙwallo. Ko a cikin gari, a gudun kilomita 50, ƙyallawar daƙiƙa 2 tana cinye mita 28, kuma wannan tazara ta isa yaro ya faɗo titi da gudu ko motar gaba ta taka birki.

Shagalar zuciya ta fi wuyar ganewa, domin mai ita bai san yana cikinta ba. Mutum na iya kallon danja ta nuna ja, idonsa ya sauka a kanta, amma ƙwaƙwalwa ba ta karɓi saƙon ba saboda tana can tana lissafin kuɗin da ake yi masa maganarsu a waya. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abin da bincike ya nuna

Binciken da ya fara tayar da hankalin mahukunta shi ne wanda Donald Redelmeier da Robert Tibshirani suka wallafa a 1997. Sun ɗauki direbobi 699 a yankin Toronto ta Kanada waɗanda suka yi haɗari, suka gwama lokacin haɗarin da bayanan kiran wayoyinsu, sai suka ga yiwuwar karo ta ninka kusan sau 4 a lokacin da ake kan waya. Wani abu da aka fi saurin mantawa daga wannan aiki shi ne, ba su ga wata fa'ida ta tsaro ba ga masu magana ta lasifika ba tare da riƙe wayar ba. A 2005 wani binciken a birnin Perth na Ostireliya, kan direbobin da aka kai asibiti bayan haɗari, ya sake cin karo da wannan adadi na ninki 4, a riƙe ko ba a riƙe ba. Shi ne adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ambata har yau.

David Strayer na Jami'ar Utah da abokan aikinsa sun bi ta wata hanyar: suka zaunar da mutane a motar gwaji ta kwamfuta. Sakamakon da suka fitar a 2006 ya nuna cewa tawayar da hirar waya ke jawo wa direba tana iya kai ta wanda ya sha barasa har iyakar da dokar Amurka ta shata. Masu waya sun fi jinkirin taka birki. Haka kuma sun amsa tambayar da kowane direba ke yi, cewa me ya raba hira da fasinja da hira a waya. Fasinjan da ke gefenka yana ganin titin da kake gani. Idan an zo mararraba ko tirela ta sha gabanku, zai yi shiru, wani lokaci ma ya ankarar da kai. Na cikin waya kuwa ci gaba zai yi da zubo magana, idan ka yi jim kaɗan ya ce "kana ji na kuwa?"

Game da rubuta saƙo, cibiyar nazarin sufuri ta jami'ar Virginia Tech da ke Amurka ta saka kyamarori a manyan motocin dakon kaya, ta bi direbobinsu a kan aikinsu na yau da kullum. Rahotonta na 2009 ya ce mai rubuta saƙo ya ninka wanda ba ya yi kusan sau 23 wajen yin karo ko kusantar yinsa. Hukumar kula da tsaron tituna ta Amurka kuma ta ƙirga mutum 3,308 da suka mutu a 2022 a haɗurran da shagala ke da hannu a ciki. Ana ganin irin waɗannan alƙaluma sun gaza haƙiƙanin abin da ke faruwa, tunda ba kasafai direba ke amsa cewa yana kan waya ba, wanda ya rasu kuwa ba shi da bakin magana.

Birtaniya: dokar da fasaha ta tsere wa

Tarihin dokar Birtaniya ya fi na ko'ina nuna yadda masu rubuta doka ke bin bayan masu ƙera waya. An haramta riƙe waya yayin tuƙi daga 1 ga Disamba, 2003, da tarar fam 30 kacal. A 2007 aka mayar da ita fam 60 tare da makin laifi 3 a lasisi, a 2013 ta koma fam 100. A watan Agustan 2016 wani direban tirela da ke zaɓen waƙa a wayarsa ya afka wa jerin motocin da ke tsaye a babbar hanyar A34, ya kashe wata mata da yara uku. Kyamarar cikin motarsa ce ta tona shi, kotu ta ɗaure shi shekara 10. Daga 1 ga Maris, 2017 aka ninka hukuncin riƙe waya zuwa fam 200 da maki 6. Makin sun fi tarar zafi: wanda ya tara 12 cikin shekara 3 yakan fuskanci dakatarwa, sabon direban da bai cika shekara 2 da samun lasisi ba kuwa kamu ɗaya ya isa a soke lasisin, ya koma jarrabawa daga farko.

Duk da haka akwai ɓaraka a rubutun dokar. A 2003 galibin aikin waya kira ne da saƙon tes, don haka abin da aka haramta shi ne amfani da ita wajen sadarwa da wani. Sai ga wani direba da aka kama yana ɗaukar bidiyon wurin haɗari da wayarsa yana tuƙi, ya ce shi ba sadarwa yake yi ba. A 2019 babbar kotu ta ba shi gaskiya. Ma'ana, mai ɗaukar hoto, mai buga wasa, mai neman waƙar da ya ajiye a waya, duk wannan sashe na doka bai kama su ba. Sai a 25 ga Maris, 2022 aka toshe ɓarakar, aka haramta kusan duk wani amfani da waya a hannu, har da buɗe ta ko duba ƙarfe nawa. Haramcin bai ɗagawa don an tsaya a danja ko a cunkoso, kuma ya shafi mai koya wa wani tuƙi. An bar 'yan ƙofofi: kiran 999 ko 112 cikin gaggawa idan tsayawa ba ta yiwuwa, da biyan kuɗi da waya a wurin saye idan motar na tsaye.

Magana ta lasifika ko ta na'urar mota kuwa har yanzu halal ce, duk da cewa kwamitin sufuri na majalisar dokoki ya nemi a duba yiwuwar hana ta a 2019. Dalilin barin ta ba ɓoyayye ba ne: ɗan sanda zai iya ganin waya a hannu, amma ba ya iya ganin inda hankalin direba ya tafi.

Sauran ƙasashe

Japan ta kafa nata haramcin tun 1999, ta tsananta shi a Disamban 2019, inda tarar ƙananan motoci ta tashi daga yen 6,000 zuwa 18,000. Faransa ta ɗan taɓa ɓangaren da Birtaniya ta kauce wa, domin tun 1 ga Yuli, 2015 ta hana direba sanya abin sauraro a kunne. Holan, ƙasar kekuna, ta faɗaɗa dokarta zuwa kan mahaya keke a 2019. Abin mamaki, Suwidin da ta yi suna wajen tsaron hanya ba ta haramta riƙe waya kai-tsaye ba sai a Fabrairun 2018.

A Amurka kowace jiha da dokarta. New York ce ta fara hana riƙe waya a 2001, jihar Washington ta fara hana rubuta saƙo a 2007, yanzu kusan dukkan jihohi sun bi sahu a kan saƙo, amma kan riƙe waya don kira kansu a rabe yake. A 2009 Shugaba Barack Obama ya hana ma'aikatan gwamnatin tarayya rubuta saƙo suna tuƙi a bakin aiki. A Disamban 2011 hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta ba da shawarar a hana waya kwata-kwata, a riƙe ko ba a riƙe ba. Babu jihar da ta karɓi shawarar ga dukkan direbobi.

Najeriya

Wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, kuma ba a jima ba ta zama kayan aikin direban haya: da ita ake sanar da shi fasinja na jira, da ita mai saƙo ke bibiyar kayansa, da ita uban mota ke tambayar inda aka kwana. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke da alhakin kama masu wannan laifi bisa dokarta ta 2007 da ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na 2012. Jadawalin da ta daɗe tana aiki da shi ya sanya tarar naira 4,000 da maki 4. A 2017, zamanin shugabancin Boboye Oyeyemi, hukumar ta fara tura masu aikata wasu laifuffuka, ciki har da waya a kan sitiyari, asibiti a gwada lafiyar ƙwaƙwalwarsu, matakin da ya fi tarar ba mutane kunya.

Matsalar a nan ba ta rashin doka ba ce. Faɗuwar darajar naira ta rage wa tarar kaifi, kamu kuma ya dogara ne ga jami'in da ke tsaye a bakin hanya, wanda direba ke hango shi daga nesa ya sauke wayar kan cinya. Ɗan acaba kan cusa tasa ƙarƙashin hula ya ci gaba da hira yana kutsawa tsakanin motoci. Fasinjoji ma ba kasafai suke tanka wa direba ba, sai dai idan an samu dattijo a gaba ya ce, "Malam direba, a yi haƙuri a ajiye wayar nan."

Tasirin dokokin da batun aiwatarwa

Ko haramcin na rage haɗurra? Amsar ba ta fito sarai yadda masu kafa dokar suka so ba. An ga cewa yana rage yawan masu riƙe waya, musamman a watannin farko. Amma a 2010 wata cibiyar da kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyinta ta duba takardun neman diyya a jihohin da suka kafa dokar, ba ta ga raguwar karo ba. A uku daga cikin jihohi huɗun da ta duba kan haramcin saƙo ma adadin ɗan ƙaruwa ya yi. Hasashen masu binciken shi ne direbobi ba su daina ba, sun dai sauke wayar ƙasa don kada a gan su, idonsu ya ƙara nisa da titi. Wasu nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun ga raguwar mace-mace, galibi inda doka ta ba ɗan sanda ikon tsayar da mota saboda wayar kaɗai.

Wannan ne ya sa aka koma ga na'ura. Jihar New South Wales ta Ostireliya ta fara amfani da kyamarorin gano masu waya a Disamban 2019. Daga sama suke ɗaukar hoto ta gilashin gaba, dare da rana, manhaja ta tace hotunan, sannan mutum ya tabbatar kafin a aika takardar tara. Watanni ukun farko gargaɗi kawai aka riƙa aikawa. Kamfanin Apple ya saka tsarin toshe sanarwa yayin tuƙi a wayoyinsa a 2017, amma mai wayar ne ke da ikon kunnawa ko kashewa. Tarayyar Turai kuma ta wajabta wa masu ƙera motoci sanya na'urar da ke lura da direba ta yi masa gargaɗi idan ya kawar da ido daga hanya, a sabbin samfura daga Yulin 2024, a dukkan sabbin motoci daga Yulin 2026. A daidai wannan lokaci kuma masu ƙera motocin suna ta cire maɓallai suna mayar da rediyo, na'urar sanyaya mota da taswira cikin babban allon latsawa a gaban direba, wanda mafi yawan dokokin wayar hannu ba su ce komai a kansa ba.