Aji Shida a Tsarin Karatun Ingila

Aji shida, wanda mutanen Ingila ke kira sixth form, shi ne karatun shekara biyu da ɗalibi ke yi bayan ya gama GCSE, jarrabawar kammala sakandare ta gama-gari, kafin ya shiga jami'a ko ya kama aiki, wato daga shekara 16 zuwa 18 da haihuwa. Ana yin sa a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa, da wasu ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka. Ba ɗaya yake da ajin ƙarshe na sakandare a Najeriyar yau ba, domin mai shigarsa ya riga ya kammala sakandare ta gama-gari ya karɓi sakamako, sannan ya zaɓi darussa uku, wani lokaci huɗu, ya zurfafa a cikinsu. Shekarar farko ita ce ƙaramin aji shida, ta biyu babban aji shida. A lissafin hukuma a Ingila da Wales su ne shekara ta 12 da ta 13. Scotland tana da nata tsarin daban.

Asalinsa

Tushen tsarin yana cikin tsofaffin makarantun kwana na masu hali, irin su Eton da Winchester da Rugby, inda ake raba yara aji-aji, na shida ya zama na ƙoli. Ya zuwa farkon ƙarni na 19 sunan ya riga ya zauna a bakin mutane. Wanda aka fi dangantawa da ɗaukaka wannan aji shi ne Thomas Arnold, shugaban makarantar Rugby daga 1828 har rasuwarsa a 1842. Ba shi ya ƙirƙiro al'adar naɗa manyan ɗalibai su kula da ƙanana ba, amma shi ya ba ta nauyi: ya damƙa wa 'yan aji shida tarbiyyar makaranta har da ikon horo, kuma shi da kansa yake koyar da su. Tun daga lokacin ake ɗaukar ɗan aji shida a matsayin wanda ya fita daga sahun yara, ana jin ra'ayinsa a cikin aji, ana barin sa ya yi karatu shi kaɗai a wasu sa'o'i na yini. Har yau wannan ɗabi'a tana nan, kuma a makarantu da yawa 'yan aji shida ba sa sanya kayan makaranta.

Dokar ilimi ta 1902 ta ba ƙananan hukumomi ikon buɗe sakandare, sababbin makarantun kuma suka kwaikwayi tsofaffin. Wajen 1918 aka shigo da jarrabawa iri biyu ta ƙasa baki ɗaya: School Certificate a shekara 16, da Higher School Certificate a shekara 18. Ta farkon tana da tsanani, domin sai ɗalibi ya ci rukunin darussa a zama ɗaya; faɗuwa a darasi guda na dole tana iya hana shi takardar gaba ɗaya. A 1951 aka maye gurbin ta farko da O-level, ta biyu da A-level, waɗanda ake cin kowane darasi shi kaɗai.

Dokar 1944, wadda minista R. A. Butler ya jagoranta, ta mai da sakandare kyauta, amma ta bar wata jarrabawa a shekara 11 tana raba yara. Kimanin ɗaya cikin huɗu ko biyar ne ke samun makarantar da ke da aji shida. Sauran, waɗanda akasarinsu 'ya'yan masu aikin ƙarfi ne, sukan bar makaranta suna da shekara 15, galibi ba tare da wata takarda ba. Rahoton Crowther na 1959 ya nuna irin hazaƙar da ƙasar ke asara ta wannan hanya, ya nemi a ɗaga shekarun barin makaranta zuwa 16, abin da bai tabbata ba sai 1972. Sai dai rahoton ya goyi bayan taƙaita karatu ga darussa kaɗan, yana ganin matashi a wannan shekarun ya fi ƙaruwa idan ya nutsa cikin abin da ransa ke so. Wannan ra'ayi ya yi tasiri ƙwarai, kuma shi ya sa ɗan Ingila ke yanke shawarar da takwaransa na Faransa ko Jamus ba ya yankewa sai daga baya.

Daga 1965 gwamnatin jam'iyyar Labour, ta hannun ministan ilimi Anthony Crosland, ta nemi ƙananan hukumomi su haɗe makarantu ta yadda kowane yaro zai shiga iri ɗaya. Nan wata matsala ta ɓullo: makaranta mai matsakaicin girma ba ta iya tara ɗalibai da malaman da za su riƙe darussan A-level masu yawa. Mafitar da wasu garuruwa suka samu ita ce tattara dukkan 'yan shekara 16 a wuri guda. Kwalejin aji shida ta Luton, wadda aka buɗe a 1966, ita ake lissafawa ta farko, sannan a 1970 Exeter ta haɗa karatun A-level da koyon sana'a a kwaleji ɗaya. Dokar 1992 ta fitar da irin waɗannan kwalejoji daga hannun ƙananan hukumomi.

An fara rubuta GCSE a 1988, ta haɗe O-level da CSE, wata jarrabawar 'yan shekara 16 da ba ta kai O-level wuya ba. Wajen 1990 aka sauya sunayen azuzuwa zuwa lambar shekara, aji ɗaya zuwa biyar suka ɓace, aji shida kaɗai ya riƙe sunansa. A 2000 aka raba A-level gida biyu, AS da A2, ana jarrabawa kashi-kashi. Daga 2015, bisa sauye-sauyen da Michael Gove, tsohon ministan ilimi, ya ɓullo da su, aka koma jarrabawa a ƙarshen shekara biyu. Wales da Ireland ta Arewa ba su bi Ingila a wannan ba.

Doka da hanyoyin da ke gaban ɗalibi

A Ingila yaro yana iya barin makaranta ranar Juma'ar ƙarshe ta Yuni a shekarar karatun da ya cika 16, amma dokar 2008 ta wajabta masa ci gaba da karatu ko horo: har shekara 17 daga 2013, har 18 daga 2015. Zai iya zama a aji shidan makarantarsa, ko ya koma kwaleji, ko ya shiga koyon sana'a a bakin aiki inda ake biyan sa albashi yana zuwa karatu kimanin kwana ɗaya a mako. Ban da A-level akwai BTEC, wadda ta fi dogara ga ayyukan da ɗalibi ke yi a tsawon karatu, da T Level da aka fara a Satumba 2020, wadda take daidai da A-level uku kuma sai an yi aƙalla sa'o'i 315 a wurin aiki. Ƙaramar hukuma tana da alhakin ganin kowane ɗan shekara 16 ya sami tayin gurbi kafin ƙarshen Satumba.

Ranar sakamako da rawar iyaye

Ana rubuta GCSE a Mayu da Yuni, sakamako kuma ya fito wata ranar Alhamis a Agusta, mako guda bayan na A-level. Tun 2017 maki a Ingila ya fara komawa lamba, daga 9 zuwa 1. Maki 4 shi ne ƙaramin ci, 7 kuma ya yi daidai da tsohuwar A. Neman gurbi ana yin sa tun kaka ko hunturun da ya gabata, kuma tayin da ake bayarwa da sharaɗi yake zuwa: yawanci darussa biyar da maki 4 ko 5, da maki 6 a darasin da ake son ci gaba da shi, lissafi kuwa wurare da dama 7 suke nema. Babu laifi ɗalibi ya riƙe tayi fiye da ɗaya, kuma iyayen da suka san tsarin sukan tabbatar an yi hakan.

Da safiyar ranar ɗalibai ke zuwa makaranta su karɓi ambulan a zaure, wasu su buɗe nan take, wasu su fita da ita waje inda uwa ko uba ke jira a mota. A ɗaki na gaba malamai na zaune a tebura da takardar rajista da jadawalin darussa. Jadawalin layi-layi ne, darasi ɗaya ake ɗauka a kowane layi, don haka wanda ya so tarihi da kemistiri, suka faɗa layi guda, dole ya saki ɗaya. Wanda makinsa ya gaza da lamba ɗaya yakan sami kansa yana sauya tsarin shekara biyu cikin 'yan mintuna, ga jama'a a bayansa suna jira. A nan ne zuwan babba yake da amfani, ba don ya yi magana a madadin yaron ba, sai don ya nemi a ba su lokaci su yi shawara, ya tambayi ko za a karɓe shi duk da haka, ko akwai wata kwalejin da sharaɗinta ya fi sauƙi. Sau da yawa akwai.

Iyaye ba sa iya kai ƙorafi kai tsaye ga hukumomin jarrabawa irin su AQA, OCR ko Pearson Edexcel. Makaranta ce ke neman a sake duba takarda, kuma sai ɗalibin ya amince a rubuce, domin maki yana iya hawa, yana iya sauka. Ana biyan kuɗi, ba a cajin su idan makin ya sauya. Wanda bai sami 4 (C a tsohon maki) a Turanci ko lissafi ba, tun 2014 sharaɗi ne ya ci gaba da karanta su, kuma akwai damar sake zama a Nuwamba.

Nauyin zaɓin darussa ya wuce yadda yaro ɗan 16 zai hango. Yawancin makarantun likitanci suna neman kemistiri, da yawa har da bayoloji. Injiniyanci yana neman lissafi, galibi da fiziks. Karatun lauya kuwa ba shi da darasin dole. Wanda ya ajiye lissafi a wannan rana ya rufe ƙofofi da dama bai sani ba, kuma sai bayan shekara guda zai gane, lokacin cike fom na UCAS, hukumar da ake neman jami'a ta hannunta, inda ake zaɓar gurbi biyar kuma wa'adin likitanci da Oxford da Cambridge ke cika a 15 ga Oktoba. Jami'o'in Russell Group, ƙungiyar manyan jami'o'in Birtaniya, sun fitar da jerin darussan da suka fi buɗe hanya a 2011, suka janye shi a 2019 bayan ƙorafin cewa yana kashe darussan fasaha da zane. Masu ba da shawara sukan ja kunnen iyaye daga ɓangare biyu: kada su bar yaro ya bi abokai ko wani malamin da yake so, kada kuma su tilasta masa burin da nasu ne. Darasin da ɗalibi ba ya so yana da wuyar ɗauka har shekara biyu, tun da shi ne sulusin karatunsa. Makarantu da yawa suna yarda a sauya darasi a makonnin farko na zango.

Shekarar 2020 ta bar tabo. Annobar korona ta hana jarrabawa, Ofqual, hukumar da ke sa ido kan jarrabawa a Ingila, ta yi amfani da wani lissafin kwamfuta wanda ya rage kusan kashi 40 cikin ɗari na makin A-level da malamai suka bayar a Ingila. Ɗalibai da iyaye suka yi ca, ranar 17 ga Agusta gwamnati ta janye, aka koma kan makin malamai, har da na GCSE.

Shawarar sana'a

A da aikin hukuma ne. Bayan yaƙin duniya na biyu an kafa ofishin samar wa matasa aiki, a shekarun 1970 ya koma hannun ƙananan hukumomi, a 2001 kuma aka kafa Connexions mai jami'ai da ke zama da matashi ido da ido. Dokar 2011 ta ɗauke nauyin ta ɗora wa makarantu daga Satumba 2012, ba tare da ware musu kuɗi na musamman ba. National Careers Service, da aka buɗe a 2012, ta waya da intanet take taimaka wa matasa. Rahoton Sir John Holman na 2014 ya kawo ma'aunai takwas na gidauniyar Gatsby, waɗanda gwamnati ta karɓa daga baya, kuma tun Janairu 2018 dole makaranta ta bar kwalejoji da masu koyar da sana'a su shigo su yi wa ɗalibai bayani. An yi wannan doka ne saboda makarantar da ke da aji shida tana samun kuɗi bisa yawan ɗalibanta, ba kullum take son nuna musu wata hanya ba. Giɓin da ya rage iyaye ke cikewa, kuma ba kowane gida ke da wanda ya taɓa bin hanyar ba. Iyalan da suka zo daga wata ƙasa sun fi jin wannan a jikinsu.

Kuɗi

Karatun kyauta ne a makarantun gwamnati, amma kuɗin mota ba a ko'ina ake ɗauka ba. Tallafin EMA na har fam 30 a mako ya tsaya a Ingila a 2011, aka maye shi da asusun da makarantu ke rabawa, wanda yakan kai fam 1,200 a shekara ga masu tsananin buƙata. Kuɗin tallafin yara yana tsayawa a 31 ga Agusta bayan yaro ya cika 16, sai idan iyaye sun sanar da hukumar haraji cewa yana ci gaba da karatu. A Ingila ba a biyan sa ga wanda ya shiga koyon sana'a mai albashi.

Muhawara

Masu suka suna cewa darussa uku sun yi kaɗan. Rahoton Tomlinson na 2004 ya nemi a haɗe komai a difloma ɗaya, gwamnati ta ƙi. Ana kuma kai ruwa rana kan tilasta maimaita Turanci da lissafi, tun da akasarin masu maimaitawar ba sa ci, da kuma kan makomar BTEC bayan zuwan T Level.

A Afirka ta Yamma

Najeriya ta gaji tsarin. Makarantu irin su Barewa a Zariya da Kwalejin Gwamnati ta Keffi sun yi aji shida, inda mai takardar Higher School Certificate (HSC) ke shiga jami'a ya yi digiri a shekara uku. Tsarin 6-3-3-4, da aka fara aiwatarwa a 1982, ya kawo ƙarshensa a makarantun gwamnati, amma jarrabawar IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello tana yin kusan wannan aikin, tana shigar da ɗalibi aji biyu na jami'a. Gana ta daina nata wajen tsakiyar shekarun 1990. A yankin Kamaru mai amfani da Turanci har yanzu ana yin ƙaramin aji shida da babba, ƙarƙashin hukumar GCE da ke Buea.