Aikin lambun gida a lokacin kaka a Birtaniya

A lissafin masana yanayi, kaka a Birtaniya tana kamawa daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. Yini yana gajarcewa, itatuwa suna zubar da ganye, amma ƙasa tana riƙe da sauran ɗumin watannin zafi, ga kuma damshi. Shi ya sa masu lambu a bayan gida suka ɗauke ta lokacin dashe da gyare-gyare kafin hunturu ya kankama. Abin da ke yanka musu wa'adi shi ne daren farko da raɓa za ta daskare. A tsaunukan Sukotland yakan zo tun cikin Satumba, a gaɓar teku ta kudu maso yamma kuwa wani lokaci sai shekara ta kusa ƙarewa. Da yawa daga cikin ayyukan tushensu ɗaya ne: akasarin tsirran da ake ji da su a lambunan ƙasar baƙi ne, daga wani yanayi aka kawo su.

Filin ciyawa

Kafin ƙarni na 19, shimfiɗaɗɗen filin ciyawa sai gidan masu hannu da shuni. A manyan gidajen karkara, irin waɗanda Lancelot Brown ya tsara wa filaye a ƙarni na 18, tumaki ne ke rage tsawon ciyawa daga nesa, kusa da gida kuma ma'aikata su bi ta da dogon lauje da sassafe, kafin raɓa ta bushe. A 1830 Edwin Budding, wani injiniya daga yankin Stroud, ya yi rajistar injin yankan ciyawa. Dabarar ya ɗauko ta ne daga na'urar da masaƙun ulu ke aske gashin yadi da ita. Wajen 1832 kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya fara ƙera injin, daga nan a hankali filin ciyawa ya shiga gidajen masu matsakaicin hali.

A yau aikin kaka a filin bai wuce kaɗan ba. Ana karce shi da manjagara mai haƙoran waya don fitar da gansakuka da mataccen ganye, a huhhuda ƙasa inda ƙafa ta dandaƙe ta, a share yashi cikin ramukan, sannan a watsa iri inda ya yi sanƙo. Takin kaka fotash ne ya fi yawa a cikinsa, don naitirojin yana sa ciyawa ta yi tsiro mai taushi wanda sanyi ke kashewa. Ana kuma ɗaga wuƙar inji kada a yi aski har ƙasa.

Albasar fure

Furannin da ke buɗewa bayan hunturu a kaka ake binne albasarsu, domin sai ta sha makonni cikin sanyi kafin ta yi fure. Dafodil a Satumba ake son ya shiga ƙasa. Tulif kuwa ana jinkirta shi har Nuwamba, saboda sanyin ƙasa yana rage wata cutar fumfuna da ke ƙone ganyensa. Zurfin rami yakan kai ninki biyu zuwa uku na tsayin albasar, tsinin yana kallon sama.

Tulif asalinsa daga tsaunukan tsakiyar Asiya ne, kuma a lambunan sarakunan Daular Usmaniyya ya yi suna. An saba danganta shigarsa Turai da Busbecq, jakadan Ferdinand na Ostiriya a fadar Sultan Sulaiman wajen 1554, amma masana tarihi da dama suna shakkar hakan. Abin da ya tabbata shi ne masanin halittu Conrad Gessner ya ga furen a wani lambu a Augsburg ta Jamus a 1559, ya kuma bayyana siffarsa. A 1593 masanin tsirrai Carolus Clusius ya koma Leiden a Holan ya jagoranci lambun jami'a, ya shuka tulif a ciki. Ba a cika shekara hamsin ba cinikin albasar ya zama caca a Holan, ana sayar da wadda ke cikin ƙasa ba a ko gan ta ba, har farashin ya faɗi warwas a Fabrairun 1637. Girman asarar da aka yi har yanzu ana gardama a kai. A Ingila yankin Spalding na Lincolnshire ne ya shahara da noman albasar fure.

Dahliya akasin haka take. Daga Meziko aka kai ta Madrid wajen 1789, kuma ba ta jure daskarewa ko kaɗan. Da zarar sanyi ya baƙanta ganyenta sai a datse kara, a tono saiwar mai kama da dankalin Hausa, a kife ta ruwa ya tsane, a adana a wuri busasshe har bayan hunturu. A kudu wasu sukan bar ta a ƙasa su lulluɓe da taki mai kauri.

Ganye da juya ƙasa

Ganyen da ya zube ana kwashe shi daga kan ciyawa don kada ya toshe mata haske. A da ƙona shi ake yi. Yanzu an fi tara shi a kejin waya ko baƙar leda da aka huda, a yayyafa ruwa, bayan shekara ɗaya zuwa biyu ya zama baƙin taki mai laushi. Masu tara itace don babbar wutar da ake kunnawa a waje a bikin shekara-shekara na 5 ga Nuwamba ana jan hankalinsu su duba ƙarƙashin tarin kafin kunnawa, domin bushiya takan shige ciki neman wurin barcin hunturu.

Tsohuwar al'ada ita ce a juya ƙasa da shebur a kaka, a bar sanyi ya farfasa hoge. Wasu, ciki har da masanin lambu Charles Dowding na Somerset, sun ce a zuba taki a sama kawai a bar tana ta yi aikin. Kowane ɓangare na da mabiya.

Tsirran cikin ɗaki

Yawancinsu 'yan ƙasashen zafi ne. Kawo su da rai ta teku ya yi sauƙi ne bayan Nathaniel Ward, wani likita a gabashin Landan, ya lura wajen 1829 cewa tsiro yana rayuwa cikin rufaffiyar kwalba ba tare da ban ruwa ba. A 1833 ya aika akwatunan gilashi biyu cike da tsirrai zuwa Sidni a Ostareliya, suka isa lafiya bayan watanni a jirgi. Soke harajin gilashi a 1845 ya ƙara sauƙaƙa gina ɗakunan gilashi na renon tsirrai. Cikin waɗanda suka zama 'yan gida a tagogin Ingila har da wani ɗan'uwan moɗa mai dogon ganye mai zane, wanda asalinsa daga Najeriya ne zuwa Kongo.

Tukwanen da suka yi watannin zafi a waje ana shigo da su kafin dare ya yi sanyi sosai, a duba bayan ganye saboda ƙwari. Ana daina ba su taki, a matsar da su kusa da taga amma nesa da na'urar ɗumama ɗaki. Ban ruwa kuwa sai an tsoma yatsa an ji ƙasar ta bushe, don a wannan lokaci yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe su.

Sauran ayyuka

Ana shuka tafarnuwa a Oktoba ko Nuwamba, a adana tuffa, a fara dasa itatuwan da ake sayarwa da saiwa tsirara.