Sayen gida ba ya kammala sai da sahalewar gwamna

Mutum zai biya kuɗin gida, dillali ya karɓi la'adarsa, shaidu da mai unguwa su sa hannu, a miƙa masa makulli, ya ɗauka magana ta ƙare. A idon doka kuwa da sauran aiki.

Dalili shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa. Sashe na 1 ya damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Najeriya. Ke nan abin da mai gida ke da shi, kuma abin da yake sayarwa, haƙƙin zama ne da cin moriyar wurin. Shi ya sa takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, take zuwa da wa'adi, galibi shekara 99 idan wurin zama ne, da kuma harajin ƙasa da ake biya duk shekara. A Arewa wannan tsari ba baƙo ba ne, domin dokar ƙasa ta 1962 ta riga ta ɗora filaye a ƙarƙashin kulawar gwamnati.

Inda masu saye suka fi shiga matsala shi ne sashe na 22. Wanda ke riƙe da haƙƙin da gwamna ya bayar ba zai sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa wa wani ba sai gwamna ya amince. Sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar bai halatta ba. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo, mutumin da ya jinginar wa bankin kadararsa, a 1989, Kotun Ƙoli ta soke jinginar da aka yi babu sahalewa, ta kuma ce sharaɗin ya hau har kan waɗanda suka mallaki wurarensu a birni tun kafin 1978. Banki guda aka yi wa haka, da lauyoyinsa, balle talaka da takarda ɗaya ta mai unguwa.

Neman sahalewar a doka nauyi ne na mai sayarwa. A zahiri mai saye ne ke yin zirga-zirgar, shi ke biyan kuɗin sahalewa da na hatimi da na rajista, tunda shi ne zai kwana a ciki. Idan kasuwa ta yi zafi, masu nema sun fi gidajen yawa, mai sayarwa ba ya ko jira. Wanda ya tsaya bincike sai a ce masa akwai wani da kuɗi a hannu. A ganina gara gida ya wuce ka da ka biya kafin ka je ma'aikatar ƙasa, ko hukumar da ke ajiye bayanan filaye, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ka duba fayil: sunan wa ke ciki, an jinginar da gidan, akwai bashin haraji? Gidan gado kuwa sai an tabbatar duk magada sun yarda. Ita kanta C of O ba ta wanke cinikin da tushensa ya lalace. Kotu na iya soke ta idan wani ya nuna haƙƙinsa ya riga.

Filayen karkara na ƙarƙashin ƙaramar hukuma ne, ita ke ba da haƙƙin gargajiya, kuma ana neman yardarta kafin a sayar.

Sai batun ƙwace wuri. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙi saboda buƙatar jama'a, kamar hanya ko asibiti, ko don an karya sharaɗi. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta darajar filin a kasuwa ba. Wanda ya sayi fuloti da tsada ya bar shi fayau yana jiran farashi ya tashi, shi ya fi kowa asara idan hanya ta bi ta kai.

An daɗe ana kiran a gyara dokar, amma sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya kare ta, sai an bi irin matakan gyaran tsarin mulki kafin a taɓa ta.